Yaren da Muka Zaɓa Don Waya Ta Yi Magana

Shekarun baya, a daminar nan da buhun taki ya gagari talaka, na tattara 'yan komatsaina daga Rijiyar Zaki a Kano na koma ƙauyenmu da ke bayan Tsanyawa. Ba don ina so ba. A shagon buga wa ɗalibai takardu da gyaran kwamfuta nake aiki, to jami'a ta rufe, ɗalibai suka watse, mai shago ya ce in yi haƙuri. Na yi ta haƙurin har ya ƙare. Sai na hau motar gida da jaka ɗaya, da waya, da wata tsohuwar laftof da batirinta ya daɗe da mutuwa, da kuma girman kai cike da ciki. Kusan kullum sai wani a cikinku ya tambaye ni, "Malam, wane yaren kwamfuta zan fara koya?" Yau dai bari in ba ku labarin yadda muka zaɓi namu, ku san cewa mai ba ku shawarar nan shi ma ya taɓa yin kwaɓa.

Gidanmu gidan gandu ne. Tun rasuwar mahaifinmu yayana ne babba, shi ke cewa yau gona kaza za a shiga. Daga safe zuwa azahar kowa yana gonar gandu, bayan nan mutum ya nufi 'yar gayaunarsa ko ya yi abin da ya ga dama. Yayana mutum ne marar yawan magana, in ya yi maka jimla uku a jere to ka san ranar ka yi sa'a. 'Ya'yansa suna da yawa, amma biyu ne a labarin nan: babban ɗansa, saurayi ɗan sha bakwai, da ƙanwarsa mai bi masa, wadda ita kuma Allah ya haɗa mata rabon maganar gidan gaba ɗaya.

Kun san halinmu da ɗan fari. Tun da aka haifi yaron nan, yayana bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" ne, ko "wancan", ko "yaron nan". In maƙwabta suna yabon noman yaron, sai yayana ya kau da kai ya shiga duba ƙotar fartanya kamar ita ce ta yi masa magana. Uwarsa ma haka, ita har ta fi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka taso muka tarar. Da can abin bai taɓa damun yaron ba, domin yana da mahaifiyata. Ita ta yaye shi, a ɗakinta ya girma, ita ke ce masa "angona", ita ke ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin faifai. In ya dawo daga gona tun daga zaure za ta ƙwala masa kira da cikakken sunansa, ta ce sannu da aiki, Allah ya yi maka albarka. Sai Allah ya karɓi abarsa a bazarar da ta gabaci komawata. Daga nan gidan ya yi wa yaron shiru.

Ban yi sati da dawowa ba yarinyar ta same ni ina wanke ƙafa a bakin randa. Ta duba hagu ta duba dama, abin da ba halinta ba, ta rage murya.

"Baffa, yayan nan nawa fa tafiya zai yi. Jakarsa tana bayan rumbu, na gani."

Ashe akwai wani mutum da ke zagaya ƙauyuka yana tara samari, in an gama kaka ya kwashe su zuwa wajen haƙar zinare a wani daji mai nisa. Kowa ya san irin labaran da ke zuwa daga can. Wasu su dawo da babur, wasu su dawo da tari, wasu kuma sai dai saƙo ya dawo. Yaron ya riga ya ba mutumin baki.

Na samu yayana a gindin tsamiya yana gyaran igiya. Na ce, "Yaya, ka ji abin da yaron nan yake shiryawa?"

Ya ce, "Na ji."

"To ba za ka hana shi ba?"

Can ya ce, "In na hana shi, me zan ba shi?" Sai ya ci gaba da murza igiyarsa. Amma na lura wuri ɗaya yake ta murzawa, har ta fara tsinkewa.

Na bar shi na nufi gayaunar yaron. Na tarar da shi sunkuye, yana ta aiki kamar da ƙasar suke faɗa. Na fara masa irin nasihar nan tamu ta baffanni, haɗarin rami, haɗarin hanya, hakkin iyaye. Ya bari na gama tsaf, don yaro ne mai ladabi. Sannan ya miƙe ya share gumi ya ce, "Baffa, wa zai ma san na tafi? A gidan nan in ba an ga fartanya ɗaya ta rage a gona ba, ba wanda zai lura."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Kuma kun san ni, in na rasa ta cewa sai in yi alkawari. Na ce masa ya ba ni daminar nan kawai. Zan koya masa yadda ake rubuta manhaja, irin abin da ke sa waya da kwamfuta su yi aiki. In an yi kaka bai ga wani amfani ba, ba zan tare masa hanya ba. Ya ce to. Ni na san "to" ɗin kunya ce, ba ta yarda ba. Ita kuwa yarinyar ba wanda ya gayyace ta, da kanta ta gayyaci kanta, ta ce ai karatu ba na maza kaɗai ba ne. Da na kai wa yayana maganar, cewa ya yi, "Bayan la'asar lokacinsu ne. Amma in an yi kaka ina so in ga abin da aka shuka."

To a nan fa rigimar ta fara, kuma rigimar duk tawa ce ni kaɗai.

Gaskiyar magana, ni ma ba wani gwani ba ne a lokacin. Na ɗan taɓa yaren C a makaranta, na ci jarrabawa da ƙyar, na manta shi a bakin ƙofa. Ke nan tare za mu koya. Amma da wanne za a fara? Akwai wani tudu kusa da firamaren garinmu, nan kaɗai ake samun sabis mai kyau. Na hau na tambayi abokaina na birni. Tabɗi! Da na sani da ban tambaya ba. Wani ya ce Python, ba wani dogon zance. Wani ya ce ina, a fara da C, yaro ya sha wuya ya san tushe. Wani ya ce Java, can aiki yake. Wani abokina kuma ya ce in ba su irin na yara da ake jan akwatuna masu launi ana haɗawa, na ce haba, ƙaton da ke ɗaga dami shi kaɗai zan ba wasan yara? Kowa da nasa, kuma kowa yana rantsuwa cewa na ɗan'uwansa ɓata lokaci ne.

Sai na mayar da abin wa'azi. Kullum bayan la'asar mu shimfiɗa buhu a gindin tsamiya, in ɗauki kara in yi ta zane a ƙasa: wannan yaren ga ƙarfinsa, ga rauninsa, wancan kuma ga abin da manya suka ce a kansa. Ina jin daɗin muryata ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Yaron yana zaune yana ɓantarar kantar hannunsa. Aka gama noman farko, aka shiga maimai, gero ya kai gwiwa, mu ko layi ɗaya ba mu rubuta ba. Wata rana ina ɗaukar karan nan sai yarinyar ta ce, "Baffa, yau ma tafsiri ne, ko za a taɓa wayar?"

Na ji kunya. A take na yanke hukunci: Python za mu yi, an gama. Sai dai laftof ɗina ba ta tashi sai a jikin wuta, garinmu kuwa ba lantarki. Na ɗauke ta na kai wa mai cajin waya da ke da sola. Ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Malam, wannan in na jona ta, ita kaɗai za ta shanye wutar mutanen gari." Na dawo da abata a hammata. Saura waya. Na hau tudu zan sauke manhajar da ake rubuta Python a waya, sai wayar ta ce ba wuri, sai na goge wasu abubuwa.

Muna zaune mu uku ina bin abubuwan da ke ciki ina gogewa, sai hannuna ya faɗa kan wata murya da na taɓa ɗauka da Sallah. Muryar mahaifiyata ce. Tana yi min ƙorafi cikin dariya, wai angonta ya shanye mata fura ya gudu, tana ta kiran sunansa tana cewa ya dawo ya biya. Ban ankara ba sai ji na yi yaron ya riƙe min hannu.

"Kada ka goge, Baffa. Don Allah."

Na ce ai ko hauka nake ba zan goge ba. Ya ce in sake kunnawa. Na sake. Ya ce in ƙara. Muka yi shiru mu uku muna sauraron tsohuwa tana neman furarta, kowa yana kallon wani wuri daban. A ranar na tabbatar ba talauci kaɗai ke korar yaron nan ba.

Yarinyar ce ta fasa shirun. Ta goge ido da bakin hijabi ta ce, "Baffa, tsaya in tambaye ka. In mun yi abin nan, wa zai gani? Baba ya ce yana so ya ga abin da aka shuka. Baba ajami yake karantawa, boko sai dai lambar waya. Inna kuwa ko wannan babu. In irin baƙin allon nan ne mai farin rubutu da ka nuna mana a hoto, cewa za su yi mun ɓata damina a banza. Duk cikin yarukan nan naka, babu wanda zai sa wayar ta yi magana?"

Akwai mana. JavaScript. Yana nan zaune a cikin burauzar wayar da ake shiga intanet da ita, ba sai an sauke wani ƙaton abu ba, ba ya buƙatar data in an riga an rubuta, kuma da 'yan layuka kaɗan zai sa wayar ta karanta rubutu da murya. Na sani sarai. Na dai raina shi ne, saboda wani abokina ya ce yare ne mai hargitsi, ba na masu aji ba. Ku ji fa, mutumin da ke cin tafasa da ƙuli a gindin tsamiya yana zancen aji.

A karon farko tun da muka fara zaman nan, yaron ya ɗago kai ya dube ni ido cikin ido.

"Duk abin da aka rubuta mata za ta faɗa?"

Na ce, "Za ta faɗa."

Ya ce, "To shi nake so."

Shi ke nan. Duk zanen da na yi ta yi a ƙasa, tambaya ɗaya ta share shi.

Waya ɗaya, kawuna uku. Da safe a kai ta caji, da la'asar a karɓo. In hadari ya taso mu kwashe buhu mu koma zaure. Na samo wata 'yar ƙaramar manhajar rubutu da ta shiga wurin da ya rage, na kuma riƙa hawa tudu ina karanto darasin gobe, in dawo in koyar kamar na daɗe da saninsa. Yarinyar ta gano ni da wuri, amma ta rufa min asiri, sai dai in na yi tuntuɓe ta ce, "Baffa, ko a bari sai ka hau tudu?" Ita mai saurin ɗauka ce, kafin in rufe baki ta gane, amma gaggawa gare ta, sai ta tsallake alama ɗaya komai ya tsaya cak. Shi kuwa a hankali yake tafiya. Babban yatsansa ya yi kanta har wani lokaci fuskar wayar ba ta jin taɓinsa, sai ya juya ya danna da ɗan ƙaramin yatsa. Amma in kuskure ya ɓuya, shi ke kamo shi. Zai bi layi ɗaya bayan ɗaya, yadda yake bin kunya yana cire ciyawa, ba ya gajiya har sai ya samo inda aka buɗe alamar baka aka manta rufewa.

Ranar da wayar ta fara magana ba zan manta ba. Muryar wata baturiya ce a ciki, ta ce "sannu" kamar wadda ta cika baki da goro. Yarinyar ta faɗi ƙasa tana dariya har da hawaye. Shi ma yaron ya yi dariya, irin ta can ciki, wadda na rabu da ji daga gare shi tun kafin rasuwar tsohuwa. Suka yi ta sauya yadda suke rubuta kalmomin, su ƙara harafi nan su rage can, har baturiyar ta fara yin Hausa mai ɗan dama-dama. Yarinyar ta ce in aka bar ta a hannunta, kafin Sallah sai ta iya cinikin daddawa.

Kada ku ɗauka wasa da dariya kawai ake yi. Shekarar ta yi tsanani. Kafin sabon gero ya zo rumbunmu ya kai gindi, tuwo ya koma sau ɗaya, sauran lokaci sai kwaɗon rama da zogale. Wani lokaci muna cikin karatu in ji cikin yaron yana ƙugi, shi kuma ya yi tari don ya rufe. A kwano ɗaya muke ci da yayana. Sau da yawa sai ya yi loma kaɗan ya tsame hannu ya ce ya ƙoshi, ya kira yarinyar ya ce, "Kai wa wancan. Kada ki ce daga nan ne." Na kasa daurewa, wata rana na gaya wa yaron. Ya yi murmushi ya ce, "Baffa, kai dai kana so ka rarrashe ni ne." Bai yarda ba. Kuma ban ga laifinsa ba, abin da kunne bai taɓa ji ba da wuya zuciya ta kama shi.

Gero ya nuna aka girbe, aka ɗan sami sauƙi. Wake ya biyo baya. Dawa ta sunkuyar da kai. Sai ga mutumin nan mai tara samari ya dawo, ya ce da an gama yankan dawa, ranar kasuwar da ta biyo baya mota za ta tashi. Na leƙa bayan rumbu. Jakar tana nan, har an ƙara mata sabon takalmin roba a sama.

Na tambayi yaron. Bai yi min ƙarya ba. Ya ce, "Baffa, wallahi na ji daɗin karatun nan. Amma waya mai magana ba ta cika rumbu." Gaskiya ya faɗa. Na yi alkawari ba zan tare masa hanya ba. Abin da ya rage shi ne mu nuna wa yayana abin da aka shuka, kamar yadda ya nema.

Ranar da aka gama ɗaurin dawa, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Abin da suka haɗa ba wani abin a zo a gani ba ne, yanzu in na tuna sai in yi dariya. Shafi ne kore, da gurbin da za a rubuta suna, da madannai biyu a ƙasa, ɗaya na maza ɗaya na mata, don yarinyar ta rantse ba za a ce mata "maka" ba. In ka rubuta suna ka danna, sai wayar ta gaishe da mai sunan. Kalmomin gaisuwar yaron ne ya zaɓa, ba wanda ya sa masa baki. Da na ji su tun farko na san inda ya samo su.

Yara suka yi caa a kanmu. Kowa a rubuta nasa. Aka rubuta na amaryar maƙwabta, ta rufe fuska ta gudu. Aka rubuta nawa. Wani ƙanensu ya dage sai an rubuta sunan tunkiyarsa, baturiya ta yi wa tunkiya sannu da aiki ta sa mata albarka, gida ya kaure da dariya. Uwar yaran tana bakin murhu tana cewa, "Ikon Allah, ikon Allah," tana riƙe da haɓa.

Yayana yana gefe a kan buzunsa da carbi a hannu. Sai da hayaniya ta ɗan lafa ya ce, "Miƙo min."

Na matsa na ce, "Yaya, faɗi sunan in rubuta maka."

Ya ce, "Cewa na yi miƙo min."

Na miƙa masa. Ya ajiye carbi. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, ya fara neman haruffa da yatsa ɗaya. Ya danna, ya tsaya, ya goge, ya sake. Mutumin da ban taɓa ganin ya rubuta boko ba. Duk mun ɗauka sunansa zai rubuta, yara har sun fara ƙunshe dariya suna jiran su ji baturiya ta kira Baba gatsal. Ya daɗe yana fama, ba wanda ya yi ƙarfin halin leƙawa. Can ya danna madannin maza.

Wayar ta ce sannu da aiki. Ta kira sunan ɗansa na fari. Ta ce Allah ya yi maka albarka.

Uwar yaron ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, ta bar tukunya a kan wuta. Yayana ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali, ya ɗauki carbinsa, ya zura takalmi ya ce, "Magariba ta kusa." Rana kuwa tana nan sama da kan tsamiya. Ya fita bai waiwaya ba.

Yaron yana tsaye, ya juya mana baya yana kallon rumbu, kafaɗunsa suna rawa. Na so in je in dafa shi, amma ni ma idona ya cika. Na dubi yarinyar, mai magana ba ta gajiya. Ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta.

Sai daga baya ta gaya min. Ashe tun lokacin girbin gero, da yayana ya ji abin da suke haɗawa, ya kira ta bayan gida ya ce, "Rubuta min sunan yayanki da boko a ƙasa." Ta rubuta. Ya ɗauki kara ya yi ta kwaikwaya. Kullum in ya sami wuri ba kowa sai ya tsuguna ya sake, in ya ji motsi ya share da ƙafa. Ya kuma sa ta nuna masa inda kowane harafi yake a jikin waya, ya gargaɗe ta kada ta gaya wa kowa. Yarinyar da ba ta iya riƙe magana daga safe zuwa hantsi, ta riƙe wannan har aka gama yankan dawa.

Ranar kasuwa ta zo. Yaron ya tashi da sassafe ya ɗora buhun wake a amalanke ya nufi Tsanyawa, inda motar za ta tashi. Ban bi shi ba, ban kuma tambaye shi ba. Na yini ina shiga ina fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Yayana kuma ya zauna a ƙofar gida, wai yana gyaran wata garma da ba abin da ya same ta. Da la'asar sai ga amalanke ta kunno kai, yaron yana tafe a bayanta da ƙullin gishiri da manja. Ya yi sallama. Yayana bai ɗago ba, ya dai amsa, sannan ya ce wa garmar, "Alhamdulillahi." Washegari na ga jakar nan a kafaɗar yarinyar, ta zuba littattafanta za ta makaranta. Har yau ba wanda ya taɓa tayar da zancen a gidanmu.

Ba zan ce muku daga nan komai ya yi daɗi ba. Ranin ya yi wuya, yaron ya yi leburancin bulo, ya yi dako a kasuwa, da yamma mu koma gindin tsamiya. Amma yana gida, muna ganinsa. Yanzu yana Kano, yana gyaran waya, yana kuma haɗa wa wasu 'yan kasuwar hatsi na Dawanau shafukan tallar kayansu. Daga baya ya koyi Python da kansa, in mun haɗu sai ya ce, "Baffa, ga yarenka nan na masu aji." Ƙanwarsa tana karatu, ta wuce mu duka, ita nake tambaya yanzu in na maƙale.

Don haka in kun tambaye ni wane yare za ku fara da shi, ku da ƙannenku ko 'ya'yanku, ba zan ce muku wancan ya fi wancan ba. Na bar wannan wa'azin a gindin tsamiya. Tambayar yarinyar nan nake mayar muku: me ke hannunku, kuma wa kuke so ya ga abin ko ya ji shi in kun gama? Ku fara da wanda zai kai ku gaban mutumin nan da wuri. Sauran yarukan ba inda za su, suna nan suna jiranku.

Yayana kuwa har gobe bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba. In yaron ya zo gida da Sallah, "kai" ne dai kamar da. Amma lokacin da na sami aiki zan koma birni, na sayi wata wayar, sai ya raka ni har bakin titi, abin da bai saba ba. Muna tsaye muna jiran mota ya ce, yana kallon gona, "Tsohuwar wayar nan taka, in ba wani amfani kake da ita ba..." Na ciro ta na ba shi. Fuskarta duk ta tsage, sai an ɗaure ta da roba, amma ba ya bari cajinta ya ƙare.

Kwanaki yarinyar ta je hutu gida, ta kira ni. Ta ce, "Baffa, ka san me na ji jiya?" Ta ce ta fito za ta kai wa babanta ruwa bayan ya dawo daga gona, sai ta tsaya a bakin zaure ta kasa shiga. Yana zaune shi kaɗai a kan buzunsa, ƙafarsa duk ƙasa, wayar tana tafin hannunsa, baturiyar nan tana yi wa ɗansa sannu da aiki tana sa masa albarka. Da ta gama, sai ya ce amin, ya sake dannawa.